Kafa Cocin Cluny: Abin da Basarake Ya Bayar da Abin da Ya Nema a Madadinsa

A ranar 11 ga Satumba na shekarar 910, a birnin Bourges da ke tsakiyar ƙasar Faransa ta yau, Wiliyam na Ɗaya, basaraken da ke mulkin Akitaniya, wani babban yanki na Faransa ta yau, kuma yake riƙe da yankin Mâcon, ya sa hannu a wata takarda tare da matarsa Ingelberga da bishop-bishop da manyan fadawansa. A cikinta ya sallama wani gandunsa da ake kira Cluny, a yankin Burgundi, domin a gina gidan 'yan zuhudu da cocinsa da sunan manzanni Bitrus da Bulus. Irin wannan kyauta ba baƙuwa ba ce a Turai ta wancan zamani, domin kusan duk mai sarauta da ya amsa sunansa yana da coci ko gidan zuhudu da shi ko kakanninsa suka kafa. Abin da ya bambanta takardar Wiliyam shi ne yadda ta amsa tambayoyi uku da suka daɗe suna haddasa rigima tsakanin sarakuna da malaman ɗarikar Katolika: wa ke da mallakar ƙasar bayan an bayar da ita, wa zai naɗa shugaban wurin, kuma mene ne rabon wanda ya bayar?

Kafin a gane nauyin amsoshin da ya bayar, sai an san yadda al'ada take a lokacin. Mai ƙasa yakan gina coci a cikin gandunsa da kuɗinsa, ya yanka mata gona, ya ɗauko limami, wani lokaci ma daga cikin barorinsa, ya ɗora shi a kanta. Daga nan cocin ta zama ɗaya daga cikin kadarorinsa, tamkar injin niƙansa na ruwa ko dajin farautarsa. Yana iya sayar da ita, ya ba da ita jingina, ya haɗa ta cikin kayan auren 'yarsa, ko kuma magada su raba ta, wannan ya sami rabi, wancan ya sami rubu'i. Abin da ake rabawa a zahiri shi ne kuɗin shiga: ushirin amfanin gona da talakawa ke kawowa, da baikon da ake ajiyewa a bagade, wato teburin ibada na cikin coci, da kuɗin binne mamata. Hukuma ta yi ƙoƙarin rage ɓarnar, har Sarki Luwis, ɗan Shalaman (Charlemagne) wanda ya mulki yawancin yammacin Turai, ya kafa doka wajen shekarar 818 zuwa 819 cewa kowace coci sai an ware mata gona guda wadda mai ƙasa ba zai karɓi komai a kanta ba, don limami ya sami abin sawa a bakin salati. Amma dokar ba ta taɓa tushen lamarin ba, wato mallakar.

Gidajen zuhudu sun fi shan wahala, saboda sun fi dukiya. Sarki kan ba wani jaruminsa gidan zuhudu sukutum a matsayin tukuici, jarumin ya ɗauki laƙabin shugaban gidan alhali bai taɓa yin alwashin zuhudu ba, ya tare da iyalinsa da dawakansa, ya ci amfanin gonakin, ya bar wa masu ibada abin da ya ga dama. Wiliyam kansa ba a bakin wani ya ji wannan ba, domin shi ne ke riƙe da shugabancin cocin Waliyyi Julien da ke Brioude ta irin wannan hanya, kuma a can aka binne shi bayan rasuwarsa a 918. Don haka duk ƙofar da ya toshe a takardar Cluny, ƙofa ce da ya san yadda ake shiga ta cikinta.

Takardar ta fara da lissafa abin da aka bayar, dalla-dalla, yadda ake yi a takardar cinikin gona. Akwai gidan gandu da harabarsa, da ƙaramin ɗakin ibada da ke wurin tun da farko mai sunan Maryamu da Bitrus, da gonakin inabi, da gonakin hatsi, da makiyaya, da dazuzzuka, da ruwaye da injinan niƙan da ke kansu, da ƙasar da ake nomawa da wadda ke saura. A tsakiyar wannan jeri, ba tare da wani bambanci ba, aka ambaci bayi maza da mata. Wannan ba abin da za a tsallake ba ne. Ƙasa ba ta da amfani ga masu ibada idan babu hannun da zai nome ta, saboda haka kyautar coci a wancan zamani kyautar mutane ce tare da gonakin da suke ɗaure da su, kuma 'yancin da takardar ta yi ta nanatawa na 'yan zuhudu ne, bai shafi manoman ba. Shi kuwa gandun, Wiliyam ya same shi ne daga hannun 'yar'uwarsa Ava. Ana ba da labarin cewa ya yi nauyin hannu wajen rabuwa da shi saboda nan ne wurin farautarsa, har malamin da ya zaɓa ya shugabanci gidan, Berno na Baume, ya ce masa ya kori karnuka ya zuba masu addu'a, domin ya san wanda zai fi yi masa amfani a gaban Allah. Labari ne da aka rubuta daga baya, amma ya nuna yadda mutanen gidan suka fahimci cinikin.

A kan tambaya ta farko, Wiliyam bai ba Berno ƙasar ba, bai ba bishop na Mâcon ba, bai kuma ajiye ta da sunan zuriyarsa ba. Ya ce ya mallaka ta ga manzanni Bitrus da Bulus, waɗanda kabarinsu ke Roma. Mai karatu Bahaushe zai tuna da waƙafi, inda ake tsare asalin dukiya har abada, ba sayarwa ba gado, a bar amfaninta yana gudana ga abin da aka yi niyya. Kamanceceniyar tana da ƙarfi, sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci: a nan an ɗauki waliyyan da suka rasu ƙarnuka da dama da suka wuce a matsayin masu mallaka na haƙiƙa, masu iya jin haushi idan aka taɓa kayansu. Hikimar da ke ciki ita ce mai mallakar da ba ya raye a duniya ba ya mutuwa ya bar magada, ba ya cin bashi, ba ya aurar da 'ya. Aka naɗa Fafaroma a matsayin mai kāriya, aka kuma yanka cewa duk bayan shekara biyar gidan zai aika da solidus 10 zuwa Roma, wato kimanin kwabban azurfa 120, don sayen abin kunna fitilu a kabarin manzannin. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa shi ne ya zama shaida mai maimaituwa ta wanda ke da wurin. Duk da haka takardar ta haɗa har da Fafaroman kansa a jerin waɗanda aka haramta wa taɓa dukiyar, tare da sarakuna da hakimai da bishop-bishop da dangin Wiliyam.

A gaskiya Fafaroman shekarar 910 ba shi da ƙarfin da zai kare kowa a Burgundi, domin a lokacin manyan gidajen birnin Roma ne ke juya kujerar yadda suka so. Sanin haka ya sa aka jingina da wani makami, wato tsinuwa. Kashi mai tsoka na takardar la'ana ce a kan duk wanda ya yi yunƙurin warware ta: Allah ya shafe sunansa daga littafin rai, rabonsa ya zama na Datan da Abiram waɗanda ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye (su ne abokan tawayen Kora, wanda Musulmi suka fi sani da Ƙaruna), ya zama abokin Yahuda maci amana a cikin azaba, manzannin nan biyu su rufe masa ƙofar aljanna. Bayan duk wannan sai aka ƙara tarar duniya ta zinariya mai nauyin fam 100. Mai rubutun ya san cewa mafi hatsarin maƙiyin kyauta shi ne ɗan'uwan mai bayarwa, wanda ke ganin an cire masa nama daga baki.

Tambaya ta biyu ita ce ta shugabanci. Takardar ta ce Berno zai riƙe gidan muddin ransa, bayansa kuwa 'yan zuhudun su zaɓi wanda suka ga dama daga cikinsu bisa ƙa'idar Waliyyi Benedict, wato dokokin da ke tsara rayuwar gidan zuhudu, ba tare da Wiliyam ko wani mai iko ya sa baki ba. A aikace abin bai tafi santsi haka ba. Berno da kansa, kafin ya rasu a 927, ya raba gidajen da ke hannunsa tsakanin wani ɗan'uwansa da almajirinsa Odo, wanda ya sami Cluny, kuma shugabannin da suka biyo baya sun saba nuna magajinsu tun suna raye, 'yan zuhudu su amince. Amma muhimmin abu ya tabbata, wato zaɓin ya tsaya a cikin gida. Sa'a kuma ta taimaka ta fuska biyu. Wiliyam bai bar ɗa namiji da ya gaje shi ba, zuriyarsa ta kusa ta ƙare cikin 'yan shekaru, don haka babu wani gida mai ƙarfi da zai taso ya ce kakanmu ne ya gina. Sa'an nan shugabannin sun yi tsawon rai na ban mamaki: Mayolus daga 954 zuwa 994, Odilo daga 994 zuwa 1049, Hugh daga 1049 zuwa 1109. Mutum uku sun riƙe gida sama da shekara 150. Tun kafin zamaninsu har zuwa cikinsa aka yi ta ƙara wa takardar asali ƙarfi da wasiƙun Roma: a 931 Fafaroma Yohanna na 11 ya ba su izinin gyara wasu gidajen zuhudu, a 998 Gregori na Biyar ya cire su daga ikon bishop na Mâcon, a 1024 kuma Yohanna na 19 ya faɗaɗa wannan gata.

Tambaya ta uku ce ta fi bayyana tunanin mutanen zamanin, kuma Wiliyam bai ɓoye amsarta ba. Ya buɗe takardar da cewa Allah ya ba masu dukiya hanyar samun lada madawwami idan suka yi amfani da abin da ke wucewa ta hanyar da ta dace, ya kawo ayar littafin Karin Magana da ke cewa dukiyar mutum fansar ransa ce. Sa'an nan ya jera waɗanda yake so ladan ya isa gare su: ubangidansa Sarki Odo (ba Odo almajirin Berno ba), mahaifinsa da mahaifiyarsa, shi da matarsa, Ava da ta bar masa gandun, 'yan'uwansa da 'ya'yansu, da amintattun barorinsa. Mutumin da sana'arsa yaƙi ce, wanda hannunsa bai rabu da jini ba, ba shi da lokacin da zai cika kaffarar da malamai ke yanka wa irinsa. Abin da yake saye da gandunsa shi ne mutanen da za su tsaya dare da rana suna roƙo a madadinsa, bayan shi ya daɗe a ƙasa. Ya kuma shar'anta cewa kullum a yi wa matalauta da baƙi da matafiya masu ziyarar ibada alheri, domin sadakar ma da sunansa take tafiya.

Cluny ta riƙe wannan alkawari da gaske, kuma a nan ne arzikinta ya fito. Ƙa'idar Benedict ta tsara a sauke Zabura 150 cikin mako guda, amma a ƙarshen ƙarni na 11 'yan zuhudun Cluny kan rera fiye da 200 a wasu ranakun, har aikin hannu ya kusa ɓacewa daga rayuwarsu. Suna da manyan littattafai da ake rubuta sunayen mamata bisa ranar rasuwarsu, a karanta kowane suna idan ranarsa ta zagayo. Odilo ne ya kafa ranar 2 ga Nuwamba a matsayin ranar yi wa dukan mamata masu bi addu'a, al'adar da daga baya ta game ɗarikar Katolika baki ɗaya. Ganin cewa gidan ba na wani basarake ba ne, ƙananan masu ƙasa na kewaye suka saki jiki suna kawo nasu, wannan gonar inabi, wancan rabin daji, wani ya kawo cocin ƙauyen da ya gada, wani ya kawo ɗansa ƙarami tare da gona don a raine shi a gidan. Takardun Cluny da suka tsira sun haura dubu biyar, kuma masu tarihin da suka bi su sun lura da wani abu: sau da yawa gona guda takan bayyana sau biyu ko uku. Uba ya bayar, ɗa ya taso ya ƙwace, a yi zaman sulhu, a ba shi ɗan kuɗi ko doki, a rubuta sunansa cikin waɗanda ake yi wa addu'a, ya sake bayarwa a gaban shaidu. A ganina kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin fashi kawai. Hanya ce da kowane sabon magaji ke sabunta zumuncin gidansu da waliyyin da ya zama maƙwabcinsu. Manya daga nesa ma sun shigo, irin su Wiliyam na Warenne da matarsa Gundrada, waɗanda suka roƙi Hugh ya aiko musu da 'yan zuhudu suka kafa gidan Lewes a kudancin Ingila wajen ƙarshen shekarun 1070.

Mafi girman masu kyauta kuwa daga Sifaniya suka fito. Sarki Fernando na Ɗaya na León ya yanka wa Cluny dinari 1,000 na zinariya duk shekara, ɗansa Alfonso na Shida ya ninka shi zuwa 2,000 a 1077, ya kuma auri Constance, 'yar 'yar'uwar Hugh. Zinariyar ba daga ƙasar León take ba. Haraji ne da ƙananan sarakunan Musulmi na Andalus ke biya don a bar su lafiya bayan rushewar halifancin Kurɗuba, kuma kaso mai yawa na zinariyar da ake buga dinarin Andalus da ita ayarin raƙuma ne ke ƙetaro Sahara da ita daga Afirka ta Yamma. Da wannan kuɗi Hugh ya aza harsashin sabuwar coci a 1088, ta uku a wurin, mai tsawon kusan mita 187, wadda babu kamarta a yammacin Turai har sai da aka sake gina cocin Bitrus ta Roma. Fafaroma Urban na Biyu, wanda tsohon ɗan gidan ne, ya keɓe babban bagadenta a 1095, aka kammala bikin keɓe ginin a 1130. Tukuicin Alfonso ya nuna yadda ake auna irin wannan ciniki. An ware masa bagade a cikin sabuwar cocin, kuma kullum a ɗakin cin abinci akan zuba kwano cikakke a babban teburi kamar sarkin na zaune a wurin, sa'an nan a ɗauka a miƙa wa wani matalauci da sunansa.

A nan ne raunin tsarin ya fito fili. Takardar 910 ta kare gidan daga hannun mai ƙwace, amma ba ta da maganin ranar da mai bayarwa ya kasa. Bayan Alfonso ya ci Toledo a 1085, sarakunan Andalus suka nemi agajin Almurabiɗun daga Maroko, Yusuf ɗan Tashfin ya karya rundunarsa a Zallaƙa a 1086, daga 1090 kuma ya shiga tuɓe ƙananan sarakunan ɗaya bayan ɗaya. Haraji ya tsaya, zinariyar León ta ƙafe, alhali Cluny ta riga ta saba sayen hatsi da giya a kasuwa maimakon dogaro da gonakinta, ga gini bai ƙare ba, ga baki kusan 300 da ake ciyarwa. Ga kuma bashin matattu, domin duk ɗan zuhudun da ya rasu akan ba matalauci rabonsa na abinci a ranar tunawa da shi, sunaye kuwa ƙaruwa suke yi ba raguwa ba. Bitrus, wanda ya shugabanci gidan daga 1122 zuwa 1156, dole ta sa ya kafa iyaka ga yawan wannan rabo a kowace rana. Ya sami taimakon Sarki Henri na Ɗaya na Ingila da na Henri na Blois, bishop na Winchester, kuma a 1142 ya taka da kansa zuwa Sifaniya neman a maido da kuɗin shekara, ya dawo da abin da bai kai wanda ya je nema ba. A wannan tafiya ce ya sa Robert na Ketton ya fassara Alƙur'ani zuwa Latin, aikin da aka gama a 1143 da nufin yin raddi. A daidai wannan zamani 'yan zuhudun Cîteaux, wani gidan zuhudu da aka kafa a 1098, suna sukar Cluny kan girman gini da yawan dukiya, su kuma da farko suka ƙi karɓar ushiri da cocin ƙauye da bayin gandu.

Ita kuwa tsohuwar al'adar mallakar coci, ba Cluny ce ta kashe ta ba, kodayake misalinta ya taimaka. Majalisar Lateran ta 1059, wato taron manyan malaman coci da aka yi a Roma, ta hana limami karɓar coci daga hannun wanda ba malamin addini ba, aka shafe shekaru ana ja-in-ja da sarakuna, har masana dokar coci na ƙarni na 12, musamman a zamanin Fafaroma Alekzanda na Uku (1159 zuwa 1181), suka samo matsakaiciyar hanya. Wanda ya ba da fili, ko ya yi gini, ko ya yanka dukiyar da za ta riƙe cocin, ya tashi daga mai mallaka ya koma majiɓinci. Yana da ikon gabatar da sunan limami ga bishop, wanda shi ke naɗawa. Yana da wurin zama na girmamawa da kabari a cikin coci. Idan talauci ya same shi cocin za ta tallafa masa. A kansa kuma akwai nauyin kare ta da gyara ta. Wannan haƙƙi ya yi ta bin gado ɗaruruwan shekaru, sai kundin dokokin coci na 1917 ya hana ƙirƙiro sabo.

Sharaɗin zaɓen shugaba a Cluny bai kai haka ba. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1516 tsakanin Fafaroma da Sarkin Faransa, naɗin shugabannin manyan gidajen zuhudu ya koma hannun sarki, kujerar Cluny ta zama abin saka wa manyan fada, har Richelieu da Mazarin, manyan waziran Faransa na ƙarni na 17, kowannensu ya riƙe ta yana cin kuɗinta daga Paris. A 1562 mayaƙan Furotesta suka wawashe gidan. Da juyin juya halin Faransa ya zo, majalisar ƙasa ta zartar a ranar 2 ga Nuwamba 1789 cewa dukiyar coci tana hannun al'umma, a 1790 aka rushe ƙungiyoyin zuhudu, a 1798 aka yi gwanjon ginin ga 'yan kasuwa, waɗanda suka mai da shi wurin haƙar dutse suna sayarwa har zuwa 1823. Abin da ya rage na babbar cocin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, galibi reshen kudu da hasumiyar ƙararrawarsa mai kusurwa takwas. Gwamnatin Napoleon ta gina wurin kiwon dawakin hukuma a wani sashe na filin, sauran gine-ginen gidan kuma makarantar horar da injiniyoyi ce ke amfani da su a yau.